SHARHI: Kwana 21 da ke kuɓuce wa jariran Kano kafin a gama wankan jego

A gidajen Goron Dutse, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, lissafin kwanakin haihuwa ba ya ɓace wa kowa. Ranar bakwai a raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi wa jariri aski. Ranar arba'in mai jego ta gama wanka, ta yi kitso da lalle, ta fara zaga gidajen dangi. A tsakanin biyun nan akwai wani adadi da babu kakar da ke lissafa shi, ba kuma a faɗarsa a wurin awo: kwana 21.

Wannan shi ne wa'adin da likitoci ke da shi na tabbatar da ko an haifi jariri ɗauke da ƙwayar cutar saitomegalo, wadda ake taƙaita sunanta da CMV. Idan ya wuce, ko an ga ƙwayar a jikin yaro, da wuya a iya cewa tun a ciki ya kamu ko bayan ya faɗo duniya. Wanda ya kamu bayan haihuwa, in dai ba bakwaini ba ne, yawanci babu abin da zai same shi. Wanda ya kamu a ciki kuwa yana iya rasa jinsa. A duniya, in aka cire kurumtar gado, babu abin da ya kai CMV jawo wa jarirai irin kurumtar da ke taɓa jijiyar kunne.

Wa'adin yana cika ne a daidai lokacin da mai jego ke ɗaki tana shan kunun kanwa, saura mata kwana 19 ta fita. Duk tsarin lafiyar da ke zaman jiran uwa ta kawo ɗa asibiti bayan arba'in ya riga ya makara, kuma a yau irin wannan tsarin Kano ke da shi.

Baƙuwa a suna, 'yar gida a jiki

CMV dangi ɗaya ce da ƙwayar da ke kawo ƙarambau da wadda ke fesa ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Halin dangin ɗaya ne: in sun shiga jiki ba sa fita, sai su kwanta lamo har ƙarshen rayuwar mutum, su riƙa farkawa lokaci-lokaci. A 1956 wata likita a Amurka, Margaret Smith, ta ware ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje, a 1960 kuma Thomas Weller ya raɗa mata sunan da take amsawa yau. Sunan na nufin mai kumbura ƙwayoyin halitta, domin ƙwayar jikin da ta shiga takan kumbura, in an duba ta da madubin likita sai a ga kamar idon mujiya.

Tana yaɗuwa ta yawu, fitsari, majina, hawaye, nonon uwa, jini da saduwar aure. Babba mai lafiya in ya kamu sau da yawa bai ma sani ba. Wani ya yi ɗan zazzaɓi da ciwon wuya da kasala, ya je kemis a ba shi maganin maleriya, bayan mako biyu ya warware ya gode wa mai kemis.

A 2014 mujallar African Health Sciences ta buga wani bincike da aka yi kan mata masu zuwa awo a Asibitin Murtala da ke Kano. Sama da kashi 90 cikin ɗari na matan an samu alamar sun taɓa kamuwa da CMV a jininsu. Wato a layin awo na mata goma, tara suna ɗauke da ita. Wannan bai sa Kano ta zama saniyar ware ba, haka abin yake a mafi yawan ƙasashen Afirka da Asiya, inda mutane ke kamuwa tun suna goye.

Shekaru da dama wannan adadi ne ya sa aka saki jiki. An ɗauka tunda uwa ta taɓa kamuwa, garkuwar jikinta za ta kare ɗan da ke cikinta, don haka CMV matsalar matan Turai ce da ke girma ba su taɓa haɗuwa da ita ba sai sun ɗauki ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Macen da ta kamu karon farko tana da juna biyu, kusan ɗaya cikin uku na irinta kan miƙa ƙwayar ga ɗan tayi. Wadda ta taɓa kamuwa kuwa haɗarinta ya yi ƙasa da haka nesa. Sai dai garkuwar ba katanga ba ce, dannin kara ce. Tsohuwar ƙwayar na iya farkawa, ko wani sabon nau'inta ya shigo. Ƙaramin haɗari in aka ninka shi da ɗimbin mata masu haihuwa, sai ya zama jarirai masu yawa.

Abin da bincike ya nuna ke nan. A Amurka, inda mata da yawa ba su taɓa kamuwa ba, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce jariri ɗaya cikin 200 ake haifa da CMV, kuma ɗaya cikin biyar na waɗannan kan samu matsala mai ɗorewa. A garin Ribeirao Preto na Brazil, inda kusan duk mata suka taɓa kamuwa kamar na Kano, binciken da aka buga a 2009 ya samu kusan jariri ɗaya cikin ɗari. A Gambiya wani bincike na 2007 ya samu sama da biyar cikin ɗari. A Legas, wani gwajin share fage da aka buga a 2015 ya samu kusan huɗu cikin ɗari. Inda ƙwayar ta fi yawa a gari, nan jariran da ake haifa da ita suka fi yawa.

Ba kunnen ƙashi ba ne

Cikin jarirai goma da aka haifa da CMV, kusan ɗaya ne ke zuwa da alamar da ido zai gani: ƙaramin kai, rashin nauyi, shawara tun ranar farko, ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata, kumburin hanta da saifa, wani lokaci jijjiga. Irin wannan jaririn shi ne mai hatsarin samun matsalar ƙwaƙwalwa da ido da kunne. Sauran taran suna zuwa garau. Suna kama nono, suna tsala kuka, ranar suna 'yan barka na yaba ƙibarsu. Mafi yawansu haka za su girma lafiya lau. Amma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na waɗannan masu kama da lafiyayyu jinsu zai samu matsala, wani a kunne ɗaya, wani duka biyun, wani tun daga haihuwa, wani kuma sai ya shekara biyu ko uku jin ya fara zubewa a hankali.

Kowa ya san yadda labarin ke tafiya a gidan yawa. Yaro ya shekara bai ce "baba" ba, kaka ta ce nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya yi wayo ya fara magana. Ya shekara biyu ana kiransa ba ya waiwayowa, a ce miskilanci ne. Ya shekara uku, a fara maganar kambun baka ko shafar iska, a shiga neman rubutu da hayaƙi. Wanda kunnensa ɗaya ne ya mutu shi ya fi shan wahala a ɓoye, domin yana ji, amma ba ya jin komai daidai in akwai hayaniya. A makarantar allo ko ajin firamare mai yara sama da ɗari, sunansa mai kunnen ƙashi, kuma bulala ce rabonsa.

Kafin a kai shi wurin likitan kunne, shekarun da ƙwaƙwalwar yaro ke koyon harshe cikin sauƙi sun wuce. Ƙa'idar da masana jin yara ke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Yaron da aka gano a wata uku, aka sa masa na'urar ƙara ji ko aka fara koya masa maganar hannu tare da iyayensa, yana shiga makaranta da harshe a kansa. Wanda aka gano a shekara biyar yana shiga ne ba shi da ko ɗaya.

Kurumta ba ƙarshen rayuwa ba ce, kuma Kano ta daɗe da sanin haka. Garin na da tsohuwar maganar hannu tasa, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kanta a shekarar 2000, yana da sarautar Sarkin Bebaye, yana da makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki. Kuma ba kowane kurma ne CMV ta taɓa ba: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai mai tsanani, gado, da wasu allurai irin su jentamaisin da ake dirka wa yara ba bisa ƙa'ida ba, duk suna da nasu kason. Abin da ya bambanta CMV shi ne ana iya kama ta da wuri, akwai kuma magani, amma na ɗan taƙaitaccen lokaci.

Gwajin da ke da amfani, da wanda ke cin kuɗi kawai

Dalilin wa'adin kwana 21 mai sauƙi ne. Uwar da ke ɗauke da CMV tana fitar da ita a nono, ga yayye da 'yan barka masu ɗauka suna sumbata. Jaririn da ya kamu ta wannan hanya sai bayan kimanin mako uku ƙwayar ke fara bayyana a fitsarinsa da yawunsa. Saboda haka duk wanda aka samu da ita kafin cikar mako uku, daga ciki ya taho da ita.

Gwajin shi ne na PCR, irin wanda jama'a suka ji sunansa a zamanin korona. Ana ɗan goga auduga a cikin kuncin jariri, ko a tari fitsarinsa. Na yawu ya fi sauƙin ɗauka, amma yana da tarko: in jariri bai daɗe da sakin nono ba, ƙwayar da ke cikin nonon na iya sa gwajin ya nuna yana da ita alhali ba shi da ita. Shi ya sa ake jira kamar awa guda bayan shayarwa, kuma duk wanda yawunsa ya nuna, sai an tabbatar da fitsari.

Akwai wani gwajin dabam na jini, wanda ke neman alamar garkuwar jiki, kuma shi ne wanda ake yawan rubuta wa macen da ta yi ɓari ko ta haifi ɗa ba rai. Sakamako ya fito da haruffan IgG da alamar cewa akwai, hankalin mata da miji ya tashi, a shiga sayen magunguna. A garin da mata tara cikin goma ke ɗauke da wannan alama, takardar ba ta faɗi komai ba face abin da aka riga aka sani: matar ta taɓa kamuwa, wataƙila tun tana zanen goyo. Ba ta nuna cewa CMV ce ta zubar da cikin, ba ta kuma nuna ciki na gaba na cikin hatsari. Ko ɗaya alamar da ake kira IgM, wadda ake ɗauka shaidar sabon kamu ce, takan daɗe a jini ko ta fito bisa kuskure, sai an ƙara wani gwajin kafin likita ya yanke hukunci. Magidancin da ke Goron Dutse ko Sani Mainagge da aka miƙa wa irin wannan takarda yana da haƙƙin ya tambaya: in ta nuna akwai, me za a canza a kulawar da ake ba matata?

A nan akwai buƙatar jan kunne. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta ƙunshi cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta, rukunin jini na sikila da tunjere. Duk ranar da CMV ta yi suna a Kano, za a samu mai kishin da zai ce a ƙara ta a jerin. Kuskure ne babba. Kusan kowane ango da kowace amarya za su fito da ita, babu auren da ya cancanci a fasa saboda haka, kuma babu abin da za a ƙara sai kuɗin gwaji da tsegumi a kan 'yan mata. Wanda ke buƙatar gwajin CMV jariri ne ɗan kwanaki, ba amarya ba.

Maganin da ke akwai

Jaririn da aka tabbatar an haife shi da CMV kuma yana da alamu masu nauyi, musamman waɗanda suka taɓa ƙwaƙwalwa, ana ba shi maganin ruwa mai suna valganciclovir sau biyu a rana har wata shida, kuma an fi so a fara cikin watan farko. Wannan tsari ya samo asali ne daga binciken da David Kimberlin na Jami'ar Alabama ya jagoranta, aka buga a 2015, wanda ya gwada shan mako shida da shan wata shida, ya ga masu wata shidan sun ɗan fi samun ingancin ji da bunƙasar harshe a shekara biyu.

"Ɗan fi" ɗin nan yana da muhimmanci. Maganin ba ya kashe ƙwayar, ba ya kuma dawo da kunnen da ya riga ya mutu. Aikinsa shi ne riƙe abin da ya rage. Yana iya rage fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da cuta, don haka dole a riƙa gwada jinin jariri a kai a kai, ba magani ba ne da za a saya a kasuwa a ɗura wa yaro a gida. Jaririn da ke da ƙwayar amma ba shi da wata alama kuma jinsa lafiya, ba a ba shi magani. Abin da yake buƙata shi ne a riƙa duba kunnensa har ya isa shiga makaranta, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin yin gwajin.

Ga mai ciki ma an samu ci gaba. Wani bincike daga Isra'ila da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa macen da ta kamu karon farko a farkon ciki, in aka ba ta valaciclovir giram takwas a rana, haɗarin ƙwayar ta isa ga ɗan tayi na raguwa daga kusan kashi 30 zuwa kusan kashi 11. Giram takwas ƙwaya 16 ke nan ta miligiram 500, kullum. Amma wannan na masu kamun farko ne, su kuwa 'yan tsiraru ne a Kano.

Akwai wasu rukunoni biyu da CMV ke yi wa illa, waɗanda likitocin Kano sun fi sabawa da su. Na farko masu dashen ƙoda, aikin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke yi tun 2002. Magungunan da ake ba su don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar suna kwantar da garkuwa, sai ƙwayar da ke barci ta farka ta kama hanji ko huhu. Shi ya sa ake ba da yawansu maganin kariya na watanni bayan dashe. Na biyu masu cuta mai karya garkuwar jiki da suka makara da fara magani ko suka daina sha. In garkuwarsu ta faɗi ƙasa warwas, CMV kan ci bayan ido. Mai irin wannan lalura da ya fara ganin ɗigo-ɗigo na yawo a idonsa ko gefe guda ya dushe, ranar ya kamata ya ga likitan ido, domin abin da ya tafi ba ya dawowa.

Cokali ɗaya, kofi ɗaya

Babu allurar rigakafin CMV. An shafe sama da shekara 50 ana nema. Wadda aka fi sa wa rai, ta kamfanin Moderna, a watan Oktoban 2025 kamfanin ya sanar cewa ba ta yi abin da ake so ba a babban gwajin da aka yi a kan mata, ya kuma dakatar da aikinta na kare jarirai. Saura abin da hannu zai iya.

Babban tushen ƙwayar ga mai ciki yana cikin ɗakinta: yaron da ta yaye ko take shirin yayewa. Yara 'yan ƙasa da shekara uku in suka kamu sukan yi watanni, wasu shekaru, suna fitar da ƙwayar da yawa a fitsari da yawu, suna kuma wasansu lafiya. A gidan gado na cikin birni, inda mata da faccaloli ke tsakar gida ɗaya da yara goma sha, mai ciki na yi wa nata tsarki, ta share majinar na maƙwabciya da gefen zani, ta ɗanɗana kunu da cokalin da take ba yaro, ta ƙarasa ragowar da ya bari don kada a yi almubazzaranci.

Shawarar likitoci ba ta da tsada: wanke hannu da sabulu bayan tsarkin yaro, canza kunzugu ko share majina, kada mai ciki ta haɗa cokali ko kofi da ƙaramin yaro, kada ta ci ragowarsa, in za ta sumbace shi, ta yi a goshi maimakon baki. A Italiya wani bincike na 2015 ya nuna cewa cikin matan da ba su taɓa kamuwa ba, waɗanda aka yi wa wannan bayani tun farkon ciki kusan ɗaya cikin ɗari ne suka kamu, waɗanda ba a yi musu ba kuwa sama da bakwai. Watanni ukun farko su ne mafi hatsari ga ɗan tayi, a nan kuwa akwai cikas, don mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya fito. Saƙon da ya tsaya a ɗakin awo kaɗai zai isa a makare. Wurinsa islamiyyun matan aure ne, da shirye-shiryen mata na gidajen rediyo, da bakin ungozoma.

Sai maganar ruwa, wadda duk mai ba da shawarar wanke hannu a cikin birni ya kamata ya yi da kunya. A kan dutsen da unguwar Goron Dutse ta ci sunansa akwai tankin ruwan gwamnati, a gindinsa kuma gidaje na sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa. Matar da ke auna jarka tsakanin girki da wanki da alwala ba jahilci ne ya hana ta wanke hannu sau goma a rana ba.

Abu ɗaya da bai kamata wannan bayani ya taɓa ba shi ne shayarwa. Gaskiya ne akwai ƙwayar a nono, amma jaririn da ya cika watanninsa ba ta yi masa illa ta wannan hanya, kuma nonon ne ke tsare shi daga gudawa da ciwon huhu da ke kashe jarirai a Kano kowace rana. Bakwaini mai ƙarancin nauyi sosai ne kaɗai likitoci ke yi wa wani tsari na dabam, shi ma a asibiti.

Ranar lamba

Za a ce jihar da ke fama da maleriya, tamowa, mutuwar mata wurin haihuwa, wadda kuma mashaƙo ya yi wa ɓarna a 2023, ina ta ga sararin wata ƙwaya da ko sunanta ba a sani ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ba ita ce a kwaikwayi jihar Minnesota ta Amurka ba, wadda a 2023 ta fara gwada duk jaririn da aka haifa. Kano ba ta da wannan kuɗin. Wadda ta fi kusa da aljihunta ita ce hanyar jihar Utah, da ta yi doka a 2013: a gwada jin kowane jariri, wanda bai tsallake ba a yi masa gwajin CMV kafin kwana 21. Hanyar ba ta kama yaran da jinsu zai lalace daga baya, amma tana kama masu buƙatar gaggawa, kuma gwajin jin yana amfanar kowane kurma ko mene ne sanadinsa.

Na'urar gwajin jin jarirai 'yar ƙarama ce da ake riƙewa a hannu. A sa ɗan bututu a kunnen jariri yana barci, cikin mintuna ta nuna ya tsallake ko a sake dubawa. Ba ta buƙatar likita. Matsalar ita ce inda za a samu jariran, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan haihuwa ɗaya cikin biyar ce kawai ake yi a asibiti a jihar Kano. Shirin da aka kafa a ɗakin haihuwa na Asibitin Murtala ko na Sabo Bakin Zuwo kaɗai zai bar mafi yawan jarirai a waje.

Wata likitar yara a Legas, Bolajoko Olusanya, ta fuskanci wannan matsala kusan shekara 20 da suka wuce. Ta kai na'urar wurin da ake yi wa jarirai allurar BCG, wadda aka fi sani da lamba, ta horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su yi gwajin, aka kuma buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2008. Hikimar ita ce ko matar da ta haihu a gida tana kai ɗanta lamba, ko ta aika kaka ta kai shi. Jadawalin rigakafi na Najeriya ya tanadi a yi wa jariri lamba da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta a makonni biyun farko. Wanda ya zo a kan lokaci ya zo ne a cikin wa'adin kwana 21.

Na'urorin PCR ma ba baƙi ba ne a Kano. A 2020 an buɗe ɗakunan gwajin korona a Asibitin Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, kuma tun kafin nan akwai tsarin ɗaukar jinin jariran da iyayensu mata ke da cuta mai karya garkuwar jiki daga ƙananan asibitoci zuwa manyan ɗakunan gwaji. Hanyar da ke ɗaukar wancan jinin za ta iya ɗaukar audugar yawu. Abin da zai ci kuɗi shi ne sinadaran gwajin, da maganin wata shida, da na'urar ƙara ji, kuma waɗannan ba kaya ne da za a ɗora wa ɗan kasuwar Kurmi ko direban adaidaita ba. In aka gano cutar aka bar uba da takardar magani da ba zai iya saya ba, an ƙara masa baƙin ciki ne kawai. Jihar na da asusun tallafa wa lafiya na KHETFUND da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, kuma irin wannan gurbin aka kafa su su cike.

Ba sai an fara da ƙananan hukumomi 44 ba. Ma'aikatar Lafiya na iya ɗaukar ƙaramar hukumar Gwale, inda mazaɓar Goron Dutse take, ta sa na'urar gwajin ji a cibiyoyin rigakafi uku ko huɗu, ta haɗa su da sashen kunne da na jarirai a Asibitin Malam Aminu Kano, ta nemi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ta horar da ma'aikata. Masu unguwanni da limaman da ke raɗa suna su ne suka fi kowa sanin gidan da aka haihu a makon nan, kuma sun taɓa yin irin wannan aikin a yaƙin shan inna. Bayan shekara guda jihar za ta samu alƙalumanta na kanta: jarirai nawa aka gwada, nawa ba su tsallake ba, nawa cikinsu ke ɗauke da CMV, kuma naira nawa aka kashe a kan kowane ɗaya. Da waɗannan ne Majalisar Dokoki za ta yanke ko a faɗaɗa shirin zuwa Dala da Birni da Kewaye a kasafin shekara mai zuwa.